Gidanmu yana cikin kwari: yaushe ya kamata mu fita idan ruwa ya yi ƙarfi?

Mazauniyar Kwari:
Assalamu alaikum. Gidanmu na ƙasa ne, yana gangaren unguwa kusa da wata kwalbati da shara ta toshe. Tun abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja a watan Mayun 2025, inda ruwan dare ɗaya ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutane fiye da 150 suka rasu, hankalina ba ya kwanciya idan hadari ya haɗo. Ina da yara ƙanana da surukata wadda ba ta iya sauri. Yaya mutum zai gane lokacin fita ya yi?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki jira sai ruwa ya shigo tsakar gida, domin irin wannan ambaliyar ruwan da ya sauka a kan tudu ne yake taruwa ya gangaro lokaci guda, wani sa'in ma ba a unguwarku aka yi ruwan ba. Idan kika ga lambatu ya cika yana dawowa da baya, ko ruwan ya yi ja yana ɗauke da kara da itace, to a fita. Abin da ya fi damuna shi ne ginin naku, saboda katangar ƙasa idan gindinta ya sha ruwa takan rufta ko da bayan an ɗauke ruwan, kuma sau da yawa mutane suna barci. Ku zauna da maigida da rana tsaka ku tsayar da gidan dangi, makaranta ko masallacin da ke kan tudu da za ku nufa, da wanda zai riƙe tsohuwa. Ku ƙulle takardu da magunguna a leda kusa da ƙofa tare da tocila, sannan ku kashe wuta daga mita kafin ku fita, matuƙar ruwa bai kai wurin ba.

Direban Babbar Mota:
Ina roƙon kowa kada ya tsallaka ruwa mai gudu. Wanda bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuwa yana ɗaga ƙaramar mota, kuma ba a ganin inda hanya ta zaizaye a ƙarƙashinsa.

Ma'aikaciyar Lafiya:
'Yar'uwa, ki riƙa bin hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a rediyo, ki kuma adana lambar gaggawa ta 112. Bayan ruwan ya janye, ku tafasa ruwan sha, domin ambaliya tana haɗa masai da rijiya, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. Kwalbatin nan kuma ku kai maganarta ga mai unguwa cikin makon nan a yi gayyar yashe ta.