Abin da mata suka ce kan haihuwar fari

A wata hirar mata a Bauchi, shawarar da ta fi yawa ita ce mai cikin fari ta daina ɓoye naƙuda saboda kunya. Iyaye kan yaba wa wadda ta daure ba ta yi ƙara ba, amma doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, wanda har cibiya ta musamman aka yi masa a Ningi. Da naƙuda ta fara, a kama hanyar asibiti.

Sun kuma matsa a kan awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awon ciki aƙalla sau 8. Ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska ba laulayi ba ne, suna iya zama alamar jijjiga.

Wankan jego ne ya raba kawuna. Tsofaffi sun kafe, wata ma'aikaciyar jinya kuwa ta ce tafasasshen ruwa da kunun kanwa na wahalar da zuciya. Ni dai ina bayanta. Dakashi kuma kada a zubar, a ba jariri cikin awa ɗaya da haihuwa.