Shawarwari kan haɗa wankan ruwan zafi da na sanyi a gida

Wasu mutane da suka tattauna al'adar shiga ruwan zafi da na sanyi bi da bi, mai kama da ta mutanen Finland da ke fitowa daga ɗakin gumi su faɗa tafki mai ƙanƙara, sun fi ba ma'aunin zafi muhimmanci. Ruwan zafin da ke baho kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius, kuma minti 15 sun isa. Na sanyi ya tsaya tsakanin digiri 10 da 15, sabon shiga ya fara da minti 1. Hujjarsu ita ce zafi yana buɗe jijiyoyin jini har jiri ya ɗebi mutum idan ya miƙe da gaggawa, sanyi kuwa yana tsuke su, ya fizge numfashi a daƙiƙun farko, saboda haka a shiga sannu a hankali, ba tare da an nutsar da kai cikin ruwa ba, da wani a kusa.

Sun sha bamban kan ko da ruwan zafi za a ƙare ko da na sanyi, amma bakinsu ya zo ɗaya, kuma a ganina sun yi daidai, cewa mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mai juna biyu su fara tuntuɓar likita.