Lambobi nawa ne ke raba 1,267,000 ba saura?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a kasuwar Dole, karatun boko bai yi mini nisa ba, amma ina son lissafi. Yarona ya zo da aikin lakkwal: an ba su faɗin ƙasar Nijar, murabba'in kilomita 1,267,000, an ce su farfasa lambar, su faɗi lambobi nawa ke raba ta ba saura. Da allin da nake zana yadi muka yi ta yi bisa tebur. Mun ga cika ce, ba mara ba, mun cire sifiri uku, sai muka tsaya cik a 1267. Biyu ta ƙi, uku ta ƙi, biyar ta ƙi. Shin irin lambobin nan ce da ba sa rabuwa? Ina son in gane da kaina, ba a ba mu amsa kurum ba.

Mushen lissafi:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa yaron albarka. Taki ɗaya ya rage muku: 7 sau 181 shi ne 1267. Ita 181 ce ba ta rabuwa, kuma ba sai an gwada kowace lamba ba. Tunda 14 sau 14 ya kai 196, ya wuce ta, gwaji ya tsaya a 13, domin da tana rabuwa, da an samu mai raba ta ƙasa da 14. Da 7 saura 6, da 11 saura 5, da 13 saura 12. Dubun kuwa 2 ce sau uku a jere da 5 sau uku a jere. Ke nan lambar ita ce 2×2×2×5×5×5×7×181.

Ga inda daɗin yake. Duk lambar da za ta raba ta, daga cikin waɗannan ake haɗa ta. Wajen 2 kana da zaɓi huɗu: ka bar ta, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, ko uku. Haka 5. Ita 7 ko ka ɗauka ko ka bari, 181 ma haka. Sai 4×4×2×2, ya ba da 64. Ka sa yaron ya rubuta goma daga ciki a kayensa, zai ga abin da idonsa.

Ƴar Birni:
Mushe, a bar ni in ƙara. Idan aka tara masu raba ta duka, ban da ita kanta, ana samun 2,140,040, ya zarce ta nesa. Irin wannan ita ce lamba mai yalwa. Mutanen Girka na dā sun kasa lambobi uku: mai yalwa, mai gibi, da cikakkiya wadda jimillar ke faɗawa daidai kanta, kamar 6, 28, 496 da 8128. Kuma babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da 1,267,000: 1125 sau 1125 bai kai ba, 1126 sau 1126 ya wuce.

Wani ɗalibi daga Garin Malam:
Baba, don Allah a gaya wa ƙanena abu guda. Faɗin nan an daidaita shi ne zuwa dubu, shi ya sa sifiri uku. Su suka kawo yawan nan. 1267 ita kaɗai masu raba ta huɗu ne: 1, 7, 181 da ita kanta.

Ɗan Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mushe, wannan dabarar ta zaɓi za ta yi aiki a kan 360 ma? Na lissafa na samu 24.

Mushen lissafi:
Daidai ne Malam, 4×3×2.