Ƙungiyarmu ta kwamfuta tana ƙarƙashin uwar ƙungiya, amma an mayar da mu 'yan rakiya. Mu fita ko mu zauna?

Dan_Layin_Kasuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Muna da 'yar ƙungiya a garinmu, duk ranar Asabar muna taruwa a wani aji da makaranta ta ara mana muna koya wa matasa kwamfuta kyauta, taifin da buɗe imel da yadda ake ɗora Linux, manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta, a tsofaffin laftof ɗin da mutane suka jefar a lungu, ba mai biyan mu ko sisi. Shekara biyu da suka wuce muka haɗu da wasu ƙungiyoyi huɗu irin tamu aka yi uwar ƙungiya ɗaya don a riƙa neman tallafi tare, kuma gaskiya an samu, an sayi majigi da ƙaramin janareto da laftof shida. To matsalar ita ce kayan nan duk suna hannun reshen cikin birni, mu muna da nisan kusan awa biyu a mota. Bana da muka shirya taron Ranar 'Yancin Manhaja, wadda ake yi Asabar ta uku a watan Satumba, tun saura wata guda na nemi majigi aka ce ba damuwa, ana gobe taro aka ce ai su ma suna da nasu. Haka na tsaya da laftof ɗaya a kan tebur yara sama da talatin suna leƙe ta kafaɗar juna, na baya ba sa ganin komai. Abin da ya fi ƙona min rai, da rahoton shekara ya fito hotunanmu aka sa amma ko sunan garinmu babu. Mutanena sun ce mu fita kawai mu ci gashin kanmu, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam_Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka yi haƙuri, na san zafin wannan, amma tambaya ɗaya zan maka: ranar da kuka haɗu, kun rubuta wani abu a takarda? Wa ke ajiye kaya, kwana nawa reshe zai riƙe, wa zai biya kuɗin motar kai wa da dawowa? In ba ku rubuta ba to ba sai an samu mugu a cikinku ba, duk wanda kaya ke ɗakinsa shi zai ga kamar nasa ne. Dubi Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, 'yan sa-kai ne zalla a warwatse a duniya tun 1993, suna faɗa sosai a tsakaninsu, amma tun 1998 suke da kundin tsarin mulki a rubuce, kuma duk shekara suna zaɓen shugaba. Shi ya riƙe su. Haka ƙungiyoyin masu rubuta Wikipedia, in an amince da su a matsayin ƙungiya, dole su riƙa kawo rahoton ayyukansu duk shekara kuma a fili ake ajiye shi kowa ya karanta. Ku nemi kowane reshe ya rubuta nasa shafin rahoton da hannunsa, sakatare ya haɗa kawai, kar ya taɓa. Majigi kuma a yi masa littafi, a sa ranaku tun farkon shekara.

Abu_Hanifa_Tech:
Ni dai bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren saboda a babban reshe nake a tamu ƙungiyar, ba taku ba. Wallahi mutane ba sa ganin wahalar da ke ciki, mu ke kwana muna cike fom ɗin tallafi, mu ke bin rasit, in mai ba da kuɗi ya tambaya mu zai kira, sannan ka tura saƙo a guruf ka ce kowane reshe ya turo sunayen waɗanda suka halarta da rasit ɗin fetur, sati uku shiru, sai ranar ƙarshe wani ya turo hoto guda mara haske. Mun taɓa ba da aron laftof ta dawo babu caja kuma ba wanda ya ce shi ne. Ban ce abin da aka muku daidai ba ne, cire sunan garinku kuskure ne babba kuma ya kamata a ba ku haƙuri a gaban kowa, amma ka bincika ko kun turo bayananku a kan lokaci.

Maman_Khairat:
Malam, batun fita fa ba kullum yake zama sharri ba. LibreOffice ɗin da muke koya wa ɗalibai, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta, ai daga rabuwa aka same shi, a 2010 bayan Oracle ta sayi kamfanin Sun mai manhajar OpenOffice, masu aikin OpenOffice ɗin da yawa suka ware suka kafa tasu gidauniyar, kuma daga 2011 LibreOffice ne ya maye gurbin OpenOffice a cikin Ubuntu, wani nau'in Linux. Sai dai su sun fita da mutane masu yawa da ƙwarewa, ku kuwa in kun fita yau da me za ku fita? Kayan da aka saya da sunanku duka za ku bar musu. Sannan ɗan uwa ina tambaya, yaushe ake mitin ɗin uwar ƙungiyar taku? Mu a wajenmu bayan isha'i ake sawa a cikin gari, mu mata da na nesa ba ma samun zuwa, sai da safe mu ga an yanke hukunci. Da muka matsa aka mayar da shi Lahadi da hantsi kuma ana zagayawa reshe-reshe, ranar da suka zo namu suka ga ajin da muke koyarwa babu ko soket mai aiki, su da kansu suka ce janareto ya zauna wajenmu wata uku.

Dan_Layin_Kasuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam gaskiya ba mu rubuta komai ba, fatiha kawai aka shafa aka ɗauki hoto. Abu Hanifa ka taɓo gaskiya, na duba saƙonni yanzu na ga sunayen mahalarta sai bayan sati biyu na tura, wannan laifina ne kuma zan faɗa da bakina. Hajiya namu mitin ɗin ma da daddare ne, sau biyu kacal na taɓa zuwa. Na kira shugaban ɗazu na roƙi a kawo zama na gaba garinmu, ya ce zai tuntuɓi sauran, ni kuma daren nan zan zauna da sakatarenmu mu rubuta jadawalin majigin mu tafi da shi.