Mun naɗi demo ɗinmu na farko a ɗaki, don Allah a saurara a faɗa mana gaskiya

Ɗan_Bes

Assalamu alaikum jama'a. Mu biyar ne, ni ke riƙe da bes, akwai mai jita, mai kibod, mai ganga, sai mawaƙiyarmu. Kusan shekara biyu kenan muna haɗuwa rihazal, amma ba mu da waƙar kanmu ko ɗaya, waƙoƙin wasu muke yi, koba kenan, tsofaffi da sababbi. Matsalar ita ce duk mai shirya taron da muka tuntuɓa sai ya ce to ku turo abin da zan ji, mu kuma ba mu da komai sai bidiyon waya wanda ƙarar ganga ta cinye kowa a ciki. Shi ne muka ce bari mu gwada naɗa da kanmu.

Kayan da muka yi da su: Focusrite Scarlett 2i2 (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta), makirfo SM58 guda ɗaya namu, SM57 na aro, laftof ɗina da manhajar naɗar sauti ta Audacity. Tunda ƙofa biyu kawai ke jikin na'urar, ganga muka fara ɗauka, makirfo ɗaya a gaban babbar gangar ƙafa ɗaya a sama, sannan na ɗora bes kai tsaye da waya, sai jita, sai kibod, murya a ƙarshe. Ba mu sa kilik ba, wato bugun nan da ke riƙe wa makaɗa gudun waƙa, domin mai gangarmu ya ce shi ba inji ba ne. Waƙa uku ne, ɗaya mai sanyi biyu masu zafi, kowacce mun yi ta daga farko har ƙarshe, na fitar da su MP3.

Abin da ya ɗaure min kai, a hedifon ɗina wallahi daɗi kamar me, amma da na saka a mota sai muryar ta nutse, bes ya rufe komai, ni da nake mai bes ɗin ma sai da na ji kunya. 'Yan gida da abokai kowa cewa yake "kai ya yi, Allah ya ƙara basira", kuma na san kara ce kawai. Ku da ba ku san fuskata ba ku faɗa min abin da ke akwai, ba zan ji haushi ba.

Kunne_Biyu

Wa alaikumus salam. Na ji duka ukun a iyafis. Mawaƙiyarku tana da murya, wannan ba kara ba ce. Amma waƙa ta biyu kun fara ta a hankali kun ƙare ta kamar ana bin ku da gudu, kuma sautin gaba ɗaya kamar a cikin rijiya kuka yi shi. Ta ɗaya ta fi min.

TsohonMiksa

Ƙanina sannu da ƙoƙari, kuma ka yi daidai da ka daina tambayar 'yan gida, su ai kai suke saurare ba waƙar ba.

Na sauke fayilolin na buɗe. Kafin ma in kunna na ga abin da ya faru, zanen sautin ya cika fam kamar bulo, sama da ƙasa an yanke shi. Kun ƙure gen, wato ƙarfin shigar sauti, lokacin ɗauka, sautin yana dukan 0 dB, iyakar abin da na'urar ke iya ɗauka, yana fashewa, musamman ƙaramar gangar nan da kuma duk inda yarinyar ta ɗaga murya a amshi. Wannan ba ya gyaruwa a miksin, abin da ya fashe ya fashe. In za ku sake, ka sa 24-bit, ka rage gen har ka ga mafi ƙarfin bugu yana tsayawa wajen -10 ko -12, ka lura da zoben hasken da ke jikin maɓallin gen na Scarlett ɗin, kore ake so, da ya yi ja ka koma baya. Kada ka ji tsoron sautin ya yi ƙasa, ɗaga shi daga baya ba wahala.

Maganar rijiya da ɗan'uwa ya yi a sama, ɗakin ne. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji wani ƙara na bin tafin kamar ƙarfe to shi ne ke shiga muku. Bango tsirara da ke fuskantar juna haka suke yi. Ba sai ka sayi komai ba, ka jingine katifa a bango, ka rataya barguna masu kauri, ka shimfiɗa wani abu a ƙasa. Kuma ga inda yawancin mutane ke kuskure, suna rufe bayan makirfo su bar bayan mai waƙa. SM58 ta gaba yake ji, ya fi toshe kunne ga abin da ke bayansa, don haka bangon da ke bayan mawaƙiyar shi yake kallo, nan za ka sa katifar. Ta kuma matso, kamar faɗin tafin hannu tsakaninta da makirfon, na ji alamar ta ja baya sosai a waƙa ta uku shi ya sa ɗakin ya fi ta fitowa. Sai kuma kuka zo kuka zuba ribab, wato amsa-kuwwar manhaja, a kai, ɗaki na amsawa kun ƙara masa amsa-kuwwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Batun bes ya rufe komai kuwa, ba kai kaɗai ba ne mai laifi. Ka saurari hannun hagun mai kibod ɗinku, yana buga ƙananan sautuka daidai inda kake, ku biyu kuna kokawa a wuri ɗaya, jita ma ta shigo. Ka yanke ƙasan kowa da kowa in ban da bes da gangar ƙafa, murya daga wajen 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) ka zubar da abin da ke ƙasa, babu abin amfani a can sai gurnani. Tsakanin 200 da 400 Hz nan ne laka ke taruwa, ka ɗan rage a jita da kibod ka ji yadda muryar za ta leƙo da kanta ba tare da ka taɓa ta ba. Amma maganin da ya fi duk wannan shi ne ka ce wa mai kibod ya ɗauke hannun hagu ko ya hau sama da shi, kyauta ne.

Akwai kuma wani ƙugi siriri da nake ji a farkon kowace waƙa kafin a fara kiɗa. Irin na wutar lantarki ne, 50 ko 60 Hz ya danganta da ƙasar da kake. Ka zare cajar laftof ka ɗauki shiru na daƙiƙa goma ka gani, sau da yawa ita ce.

Na ƙarshe, ka daina yanke hukunci da hedifon ɗaya. Ka mai da miks ɗin mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, ka ji shi a sipikar waya, in muryar ta fito a nan to za ta fito ko'ina. Kuma makirfo biyun da ka sa wa ganga, ka juya fes na ɗaya, wato ka kifar da zanen sautinsa sama ya koma ƙasa, ka kwatanta, wanda gangar ƙafa ta fi kauri a ciki shi za ka bari.

Ɗan_Bes

Kai Yaya na gode, Allah ya saka. Na je na tafa hannun yanzun nan, wallahi kamar a banɗaki. Cajar ma ita ce, ina zarewa ƙugin ya ɗauke. Abin da nake son sani, tunda ka ce abin da ya fashe ba ya gyaruwa, kenan duk aikin kwana huɗun nan ya tafi? Kuma in bar Audacity ne?

TsohonMiksa

Ganga da murya sai an sake, su kuwa in aka sake ganga ai kowa ya sake. Ka ɗauka kuɗin makaranta ka biya. Audacity ba laifinsa ba ne, tun sigar 3.2 da ta fito a 2022 ma yana barin ka ɗora ifet, irin su ribab, kana ji kana canzawa ba tare da ka lalata asalin sautin ba. In kana son abin da ya fi sauƙin ɗora layi a kan layi ka gwada Reaper, suna ba da kwana 60 na gwaji kuma ba su rage komai a ciki ba. Amma kada ka ɓata wata guda kana koyon manhaja, ba ita ta ja muku ba. Kuma ka lallaɓa mai gangar nan ya sa kilik.

Uwar_Amshi

Ni a nan zan ɗan saɓa da Malam, da girmamawa. Duk abin da ya faɗa kan gen da ɗaki haka yake, amma ni ban ga dalilin da zai sa ku riƙa ɗaukar kowa shi kaɗai ba. Na yi shekaru ina waƙa da ƙungiyoyi irin taku, kuma abin da na ji a demo ɗin nan shi ne mutum biyar da ba sa ɗaki ɗaya. Mai ganga ya buga shi kaɗai ba ya jin kowa, waƙar a kansa kawai take, to ta yaya ba zai gudu ba? Na ƙirga ta biyun, ta fara wajen bugu 110 a minti ta ƙare ta haura 120. Sai ku kuma kuka zo kuna bin sa a baya kuna lalube, a daƙiƙa ta 48 inda aka shiga amshi kai ka riga shi, mai jita ya makara, ita kuma ƙanwata ta shigo a tsorace kamar mai tsallaka titi. Na tabbata a rihazal ba haka kuke yi ba.

Ku ba albam kuke yi ba, kuna son wanda zai ɗauke ku aiki ya ji yadda kuke in kun hau dandamali. To ku ba shi hakan. Ku nemi aron ƙaramar miksa, kowa ya shiga ciki, ku daidaita, ku fitar da hagu da dama zuwa ƙofofi biyun nan na Scarlett, ku buga tare sau biyar sau shida ku zaɓi wanda ya fi rai. Ko kuma ku ɗauki kiɗan tare tana rerawa a hankali don jagora, daga baya ta sake muryar ita kaɗai a gaban katifar da Malam ya ce. Kilik ɗin ma ba sai an yi faɗa ba, a ba mai ganga ya ji bugu takwas kafin a fara don ya kama gudun, sannan a kashe.

Sannan ka faɗa wa ƙanwata ta daina kwaikwayon muryar masu waƙar. A ta uku tana matse maƙogwaro don ta kai inda mai ita ke kaiwa, ana jin wahalar. Ku sauke mata ki ɗin da mataki ɗaya ko biyu, ba wanda zai kama ku. A ta ɗaya da ta saki jiki ta yi da muryarta ai ka ji abin da kowa ke faɗa.

Kuma in za ka sake neman ra'ayi kada ka ce "ya kuka ji", amsar kenan "ya yi". Ka ce a wace daƙiƙa ka ji kamar ka kashe, wace kalma ce ba ka ji ba, wa ya fi kowa ƙara.

Mai_Shirya_Taro

Bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Ni ban san Hz ba ban san dB ba. Ana turo min irin waɗannan da yawa kuma a waya nake ji, ina tafe ina wani abu, in rabin minti ya wuce ban ji murya ba na wuce. Taku ta ɗaya sai da aka yi daƙiƙa 35 ana jita kafin a buɗe baki. Ku yanko amshi da baiti ɗaya daga waƙa biyar ko shida, ku jera su a fayil ɗaya da bai wuce minti uku ba, wadda kuka fi iyawa a gaba. Kuma ku haɗa da bidiyo ko da waya ɗaya ce a kafe, ina son in ga ku nawa ne, ya kuke tsayuwa, kuna kallon mutane ko kuna kallon ƙasa.

Kunne_Biyu

Wani abu da ba a taɓo ba, ka ce waƙoƙin wasu ne. Sautin da kuka naɗa naku ne, amma baitocin da karin waƙar na wanda ya rubuta ne ko kamfanin da ke riƙe masa haƙƙi. In ka ɗora a YouTube kada ka yi mamaki in Content ID, tsarinsu na gano waƙar mai haƙƙi, ya kama, galibi dai kuɗin talla ne ke tafiya wajen masu waƙar a bar maka bidiyonka, amma wani lokaci sukan toshe shi, su ke da zaɓi. In kuma Spotify da ire-irensa kuke hari wannan sai da lasisi, masu rarraba waƙa irin DistroKid suna da tsarin da suke karɓo maka na koba. Kuma kada ka wahalar da kanka wajen ƙure ƙara don ka kamo na situdiyo, Spotify da kansa yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙara, wanda ya ƙure ma rage shi ake yi. Ka ajiye asalin aikin a WAV, MP3 ɗin da za ka tura ka yi shi 320, in ta WhatsApp ne ka tura shi a matsayin dokumen.

TsohonMiksa

Hajiya na karɓi gyara, in dai sun fi haɗuwa in suna tare to su buga tare. Sharaɗi ɗaya, abin da ya shiga ta miksa a haɗe ba ya rabuwa, in jita ta yi yawa ta yi yawa kenan har abada. Ku ɗauki minti ɗaya, ku tsaya, ku fita da shi waje ku ji a waya, ku dawo ku gyara, ku sake, har sai ya zauna kafin ku fara na gaske. Kuma amfilifayar jita a juya ta ta kalli bango nesa da makirfon murya.

Ɗan_Bes

Na gode ƙwarai Yaya, Anti na gode, duk na kwafe na tura wa sauran. Mai ganga ya karanta ya ce dama shi ya faɗa tun farko a buga tare aka ƙi ji, wanda kuma ban tuna ya faɗa ba amma na ƙyale shi. Mai kibod ne dai har yanzu bai ce komai ba tunda ya ga maganar hannun hagu. Mun samu aron miksa mai ƙofa takwas, ranar Asabar za mu sake, waƙa shida gajeru, an sauke mata ki a biyu daga ciki. Tambaya ɗaya ta rage, katifa ɗaya ce da ni kuma yanzu dukkanmu za mu kasance a ɗakin, bayan mawaƙiya zan sa ta ko bayan ganga?