Wayar wuta tana gyara karin kiɗa?

Mai Sauti, Ringim: Salamu alaikum. Abin da ke ba ni haushi da masu gyaran ƙauye, kome ka kawo musu sai su ce waya ai waya ce. To ku ji: wayar wuta ta tagulla zalla, mai kauri, tana sa kiɗa ya zauna a kan karinsa, ganga ba ta makara. Wanda bai ji bambanci ba, kunnensa ne.

Injiniya, Gumel: Wa'alaikumus salam. Kari ba daga soket yake fitowa ba. Wutar volt 230 in ta shiga amfilifaya, taransifoma ce ke rage ta, diyod huɗu su miƙar da ita, kafasito su tara ta, suna cika sau 100 a daƙiƙa. Saurin waƙa kuwa ɗan kiristal ne cikin na'ura yake ƙirga shi, sau 44,100 a daƙiƙa a faifan CD. Waya mai kaurin 1.5 (murabba'in milimita) da tsawon mita 2, in amfiya 5 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ta bi ta, kwatan volt kawai take ci. Ina makarar?

Mai Wayarin, Bichi: Tagulla? Jan ƙarfe ake cewa. Tagulla ta masu ƙera munduwa ce.

Mai Sauti, Ringim: Tagulla dai muka taso muka ji.

Baba Mai Rediyo, Gaya: Yara, duk ɗaya ne. A kasuwa ma kofa suke cewa.

Mai Wayarin, Bichi: Baba, a gafarce ni, ba ɗaya ba ne, kuma da wannan ruɗanin ake cutar mutane. Wayoyi da yawa alminiyam ne aka shafa masa ja. Kankare silin da reza, in ciki fari ne an sha ka. Ko ka sa masa ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, wancan ya lanƙwashe ya kakkarye. Kuma ya fi jan ƙarfe hana wuta wucewa da wajen kashi 60 cikin 100, shi ya sa bakin fulogi ke narkewa.

Ɗan Sola, Kazaure: To daga ina ake kawo mana ita in ba daga Kano ba?

Mai Wayarin, Bichi: Kullum laifin Kano. Ku da kuke zuwa kuna cewa a ba ku mai araha fa?

Injiniya, Gumel: Inda waya ke da tasiri shi ne tsawo. Ja waya mai kaurin 0.75 mita 50 daga janareta zuwa filin biki, amfiya 10 za ta zubar da volt 23 a hanya. Ganga ta buga, fitila ta lumshe, sauti ya shaƙe. Ƙarfi ne ya ragu, kari yana nan. Sa 2.5, asarar ta koma volt 7. Makarar gaske kuwa tazara ce: sifika a nisan mita 34, sautinta na iso ka bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Ɗan Sola, Kazaure: Ku bar janareta kawai. Inbata da batir, an gama.

Baba Mai Rediyo, Gaya: Inbata mai arha ita ce uwar ƙugi, taransifoma ta yi ta gurnani tana zafi. Sola ba ta san biki ya kai ƙarfe ɗaya na dare ba.

Ɗan Sola, Kazaure: Baba, wannan batir ne ya yi kaɗan, ba laifin rana ba.

Mai Sauti, Ringim: Ni fa ba wanda ya amsa min maganata.

Shugaban gurup, Mai Kayan Wuta, Wudil: An rufe. Abin da aka tsayar: waya ba ta gyara kari, amma mai kyau tana kare ƙarfin sauti in an ja ta nesa, Injiniya ma ya tabbatar da lissafi. A daina sayen ta arha. Mai buƙatar 2.5 ta jan ƙarfe ya same ni ta ciki.