Windows 10 ta zo ƙarshe: a koma Linux ko a sayi sabuwar kwamfuta?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin gyare-gyare da na tsaro da ta saba ba Windows 10. Windows 11 kuwa sai kwamfutar da ke da TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin na'urar, kuma yawancin na'urorin Intel da suka girmi tsara ta 8 ba sa cikin waɗanda ta amince da su. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, a ce a jingine ta? Ni dai matsayina shi ne duk wanda wannan ya shafa ya sa Linux Mint ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux, babbar manhaja ta kyauta mai maye gurbin Windows, ba zai yi asarar komai ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Kalmar nan ta "komai" ita ce ban yarda da ita ba. Aikina zane ne, kuma babu Photoshop a Linux. Za a ce ga GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, amma wanda hannunsa ya shekara goma a kan abu ɗaya ba ya sake shi cikin mako guda. Lokacin da zan ɓata ina koyo, wa zai biya ni?

Nasiru: Hajiya ta yi gaskiya. Ga kuma birnin Munich na Jamus. Sun fi shekara goma suna kan nasu Linux ɗin mai suna LiMux, a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. Gwamnati mai ma'aikatan kwamfuta ke nan, ina ga mutum shi kaɗai a ɗakinsa?

Malam Habibu: Nasiru ƙanena, ka karanta rabin labari. Kafin wannan ƙuri'a shugabancin birnin ya canza, kuma har yau ana jayayya kan ko fasaha ce ta gaza ko siyasa ce ta shigo. A Jamus ɗin dai, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta mai kama da Word da Excel, sannan Linux. Jandarmomin Faransa sun daɗe a kan GendBuntu, wanda suka gina a kan Ubuntu. Abin da waɗannan hukumomi ke nema ya wuce sauƙin kuɗin lasisi. Suna so su iya duba rubutun da aka gina manhajar da shi da idonsu, tunda na Linux a buɗe yake ga kowa, su san inda bayanan jama'a ke tafiya, kada wani kamfani ya zaɓa musu ranar da na'urorinsu za su tsufa. Wannan na ƙarshen shi ne ke ci mini rai.

Nasiru: Yaya, mutum nawa ne ke duba rubutun nan? A Maris 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar hanyar kutse da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta sai da ya yi kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi.

Zainab: Amma ka tuna yadda aka kama ta. Andres Freund, injiniya ne a Microsoft ɗin ma, ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta kai ga yawancin mutane. Da rubutun a rufe yake, da wuya na waje ya iya bin sawun nan har ƙarshe.

Nasiru: Ko kuma mu ce Allah ne ya kiyaye. Mutum ɗaya ne fa ya lura.

Zainab: Allah ne ya kiyaye, ba musu. Ni wata takwas ke nan ina kan Mint. Intanet, imel, bidiyo, rubutu, duk suna tafiya, kuma kwamfutar ta daina nauyin da take yi. Inda na sha wuya firinta ce, sai da na kwana biyu ina nema kafin ta amsa. Kuskurena babba kuwa, na goge faifan ban kwafe hotunana ba. Don Allah kada kowa ya maimaita wannan.

Hajiya Rabi: Sannu Zainab, Allah ya mayar da alheri. To takardun ofis fa? Na ji ana cewa fayil ɗin Word mai tebura da yawa yakan karkace a LibreOffice, Excel mai makro (umarnin da ke yin aiki da kansa) kuma sai a hankali.

Malam Habibu: Haka ne Hajiya, yana faruwa. Na janye "komai". Mai Photoshop, ko wanda ofishinsu ya ɗaure da Excel, ya tsaya inda yake, akwai ma ƙarin gyaran tsaro har Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Amma wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu ba, ban ga dalilin da zai sa ya sayi sabuwa ba. Gwaji kuma ba ya buƙatar goge komai: a sa Mint a filashi, a tayar da kwamfutar daga kansa, a gwada Wi-Fi, sauti da firinta. In bai yi ba a zare, Windows na nan yadda aka bar ta.

Hajiya Rabi: Akwai tsohuwar kwamfutar yara da ke ajiye, a kanta zan gwada. Ta aikina kam ba zan taɓa ta ba. Filashi mai girman nawa ake buƙata?

Zainab: Mai giga 8 ya isa, Hajiya. Ki fara kwashe abin da ke cikinsa, don za a goge shi gaba ɗaya.